Buhun taki ya kai ni ƙasar Ogoni

Yau kwana tara da dawowata amma sai yanzu na iya zama in rubuta, don tun da na sauka bayana ke ciwo, duk wanda ya taɓa kwana huɗu a gaban tirela ya san me nake nufi. Ni yaron shago ne a Sabon Garin Zariya, wajen wani Alhaji mai saida taki da maganin feshi, shekarata shida kenan da shi. Duk shekara kafin damina ta faɗi yakan yi odar yuriya daga Fatakwal, mota ɗaya buhu 600, kuma ɗansa ne ke bin motar. Bana ɗan na jarabawa, sai Alhaji ya kira ni bayan la'asar ya ce kai za ka bi, ka je ka ga duniya. Ni da ko Abuja ban taɓa wucewa ba.

Umma ta so ta hana wallahi. Watan Afrilun nan ne na 2025, ko wata ba a yi ba da kashe mafarautan nan 16 a Uromi, kuma su ma daga Fatakwal suka taso a babbar mota za su gida yin sallah, ga dokar ta-ɓaci da aka sa wa Ribas tun watan Maris. Ta ce shi Alhajin me ya sa bai tura ɗansa ba sai ɗan wani. Abin da ya sa ta sauko shi ne ƙaninta, Kawu, da ya haura shekara ashirin a Eleme, kusa da Fatakwal, yana saida shayi da kayan tireda, ya kira ta ya ce Yaya ki bar shi ya zo, a hannuna zai sauka. Alhaji ya ba ni guzurin dubu sittin, Umma ta ɗaura min dambun nama da ƙuli-ƙuli a leda da addu'ar da ta fi ledar nauyi.

Ba a tafiya kudu da mota fayau, don haka masara muka ɗauka a kasuwar Giwa za mu sauke wa masu abincin kaji a Aba. Ranar Asabar bayan asuba muka tashi daga Ɗan Magaji, ni da direba, wani dattijo ɗan Hunƙuyi mai goro a baki kullum, da karen motarsa. Dab da Rigachikun ya nuna min wani sharen fili da ya miƙe cikin gonaki kamar an ja layi da reza, ya ce ka ga bututun gas ɗin nan da ake ta faɗi, AKK, daga Ajakuta zuwa Kano, nan ya bi. Na san labarin, a 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikin, kilomita 614, amma ban taɓa kawo wa raina cewa ta gonakin mutane ya ratsa ba. Ya ce ta gonar yayansa ya bi, an ƙirga abin da ke shuke an biya, amma wannan layin ba gini ba dasa bishiya har abada. Na ce to ai an biya Oga. Ya tofar da goro ta taga ya ce an biya masara, ba a biya ƙasa ba. A lokacin ban ɗauki maganar da wani nauyi ba.

Kaduna, Tafa, Zuba, Abaji, ba abin faɗi sai rana da ramuka, a Lokoja muka kwana a ƙarƙashin mota. Da safe direba ya ce ba zai bi ta Okene da Auchi ba ko nawa za a ba shi, sai muka karya ta Ajakuta muka haye gadar Itobe, Anyigba, Otukpa, muka shiga Obollo Afor da yamma. Nan fa muka maƙale, don washegari Litinin ce, ranar zaman gidan nan da ake yi a lokacin a ƙasar Ibo, ba direban da zai sa motarsa a titi. Wuni guda muna kwance a tabarma muna kallon tayoyi, na ci shinkafa da wake dubu ɗaya da ɗari biyar wadda a Tudun Wada ɗari takwas ma sai na yi ciniki.

Talata kuwa na ga shinge. Wasu masu kaki ne, wasu kuma ba kaki ba komai, samari ne da katako mai ƙusoshi da littafin rasit, wannan ya ce kuɗin amfanin gona, wancan ya ce kuɗin hayaƙi, wani ya ce kuɗin rediyon mota, motar da rediyonta ya mutu tun zamanin Jonathan. Na fara ƙirgawa a waya, da na kai arba'in da ɗaya kafin Aba sai na haƙura. Direba ba ya musu da kowa, canji ne cike da gwangwanin madara a gefensa, ya miƙa ya ja. Inda na ɗan samu sanyin rai shi ne Lokpanta, kasuwar shanun da ke Abiya, kai ka ce a Zangon Shanu kake, Hausa ta ko'ina, ga masallaci ga mai fura, na ci tuwon masara da miyar kuka har da ƙari.

Mun sauke masara a Aba, muka doshi Fatakwal da daddare. Wajen Oyigbo na ga sama ta yi ja ta wani ɓangare kamar an sa wa daji wuta da kaka, na ce Oga gobara ake yi a can. Karen mota ya yi dariya har da buga ƙofa. Da muka matso sai ga wani dogon ƙarfe da harshen wuta a kansa yana kaɗawa, ganyen ayabar da ke kusa duk ka gan su tar kamar da rana. Direba ya ce gas ne, tare da ɗanyen mai yake fitowa daga ƙasa, in ba a yi tanadin tara shi ba sai a banka mishi wuta, kuma tun yana karen mota yake ganin irin wutar nan ba dare ba rana. Daga baya na ji cewa tun 1984 doka ta hana ƙona shi sai da izini, tara kawai ake biya a ci gaba. Ni dai abin da ya faɗo min a rai Umma ce, yadda take kashe risho da sauri in ruwa ya tafasa don kilo ɗaya na gas ya haura dubu, ga shi nan ana dafa sama da shi.

Shagon Kawu yana wajen da ake ce wa Trailer Park, kan hanyar East-West kusa da mashigar Onne. Tireloli kamar ƙasa, rabinsu na 'yan arewa, masu jiran taki da masu jiran kwantena daga tashar jirgin ruwa. A cikin shagon na kwana, sauron garin ba ya jin maganin murɗe, ga zafi mai danshi, ka yi wanka ka fito kamar ba ka yi ba. Da safe Kawu ya shafa yatsa a kan firij ya nuna min, baƙi kamar gindin tukunya. Ya ce wannan ai sauƙi ne ɗana, da ka zo daga 2016 zuwa 'yan shekarun da suka biyo, farar riga ba ta wuni a igiya, in ka fyace majina baƙa ce, yara na tari kamar tsofaffin 'yan taba. Yawanci daga masu dafa ɗanyen mai a daji ne, kpofire suke ce mishi, su fasa bututu su ɗiba su dafa a tankin ƙarfe su fitar da kananzir da dizal, in jami'ai suka kama wurin su ma wuta suke sa mishi, hayaƙin dai duk kan mutane yake sauka.

Takardar lodinmu ba ta fito ba don kuɗin da Alhaji ya turo bai gama shiga ba, aka ce sai mun jira kwana uku. Wannan jiran ne ya zame min tafiyar gaske.

Na farko dai a nan na san me nake sayarwa shekara shida. Wani ɗan Bauchi da ke aikin walda a ɗaya daga cikin masana'antun wurin, yana zuwa shan shayi wajen Kawu, shi ya min bayani. Manyan kamfanonin yuriya biyu ne a yankin, Indorama a Eleme da Notore a Onne, kuma ba daga dutse ko ƙasa ake yin ta ba kamar yadda nake zato, daga gas ne. A ciro wani sinadari daga gas ɗin, a haɗa da wani da ake tacewa daga iskar da muke shaƙa, ya zama amoniya, daga nan a mai da shi ƙwayoyin nan farare masu kama da sukari, 46 ɗin nan da ke jikin buhu kuma kason naitirojin ɗin da ke ciki ne. Wato masarar Soba da Giwa da Maigana da ke yin kore shar a watan Agusta, gas ɗin ƙarƙashin ƙasar mutanen nan take sha. Ya ce aikin nan ya gina gida da shi a Bauchi, ya kai mahaifiyarsa Makka, kuma garuruwan da ke kewaye da kamfanin roba na Indorama a Eleme ma suna da hannun jari kashi 7.5 a ciki, ana raba musu riba, sai dai rigimar wa zai karɓa wa zai raba ba ta ƙarewa.

Na biyu ruwa. Mu a Zariya kukanmu babu ne, famfo ya yi wata bai ɗiga ba, kana jiran 'yan ga-ruwa su turo kura. Can ruwa ne ta sama ta ƙasa, ka haƙa rami kaɗan ya tsatso, amma Kawu da buhun fiya-wata yake dafa shayi. Na ce Kawu wannan ai ɓarna ce. Bai ce komai ba, da hantsi ya ɗauke ni a mashin sai Ogale, nan cikin Eleme, gidan wani tsohon malamin makaranta da ke sayen burodi a wajensa. Mutumin ya sa jikansa ya kunna famfon burtsatsen gidan ya tara a roba. Ruwa fari tas a ido. Na kai hanci, wallahi tallahi kamar na buɗe tankin janareto, kuma da ya ɗan zauna sai wani maiƙo mai launin bakan gizo ya taso a samansa. Ya ce da shi aka yi wa 'ya'yansa wankan jego, shi suka sha shekara da shekaru, sai a 2011 da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni aka ce a unguwar Nisisioken da ke nan Ogale sinadarin benzin, mai kawo ciwon daji, ya ninka abin da hukumar lafiya ta duniya ta yarda da shi sau 900, kuma sun samu tataccen mai mai kaurin santimita 8 kwance a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. Rahoton ya ce gyaran zai iya cin shekara 25 zuwa 30, a fara da dala biliyan ɗaya. A 2016 aka ƙaddamar da sharar, akwai hukumar da aka kafa, HYPREP, na ga allunansu da wasu tankunan ruwa da suka yi a hanya, malamin ya ce wasu garuruwan sun samu, wasu ana jira. Na roƙe shi ya cika min gorar lemo da ruwan nan don na san in na faɗa a majalisa za a ce na ƙara gishiri.

Kusa da shagon Kawu akwai wani mai faci, Kawu na ce mishi Papa shi kuma yana ce wa Kawu Malam, sun fi shekara goma suna maƙwabtaka, in ɗaya zai fita ɗayan ke duba mishi kaya. Mutumin Bodo ne, da can masunci. Ranar Juma'a bayan masallaci zai je gida kai wa matarsa kuɗi, Kawu ya ce ya tafi da ni. Dubu biyu da ɗari biyar na biya a bas, muka bi ta Tai muka karya a Kpopie muka shiga Gokana. Ogoni ƙananan hukumomi huɗu ne, Eleme, Tai, Gokana da Khana, kuma in ba an faɗa maka ba ba za ka ce ƙasar mai ba ce, gonakin rogo ne da doya da kwakwar manja, mata da kwanduna a ka, sai jefi-jefi ka hangi wani ƙarfe mai kawuna ya yi tsatsa a tsakiyar gona ciyawa ta rufe shi. Papa ya ce bakin rijiyar mai ne, tun 1958 aka fara haƙa a nan Bomu, shekara biyu bayan na Oloibiri inda aka fara samun mai a Najeriya, kuma tun 1993 Shell ta daina haƙa a ƙasarsu, amma babban bututun da ke kai mai Bonny yana nan a ƙarƙashinsu yana aiki, ko a watan Maris ɗin nan ya yi bindiga a nan Bodo, wuta ta tashi.

Bakin ruwan Bodo shi ne abin da har yanzu in na rufe ido nake gani. Ni Kubanni da Galma na sani, ruwa ya zo da damina ya tafi da rani. Can sau biyu a rana ruwan ke janyewa ya dawo, mun isa ya janye, sai taɓo baƙi shimfiɗe har inda ido ya tsaya. Akwai wasu itatuwa da ke tsiro a cikin ruwan gishiri, saiwarsu a waje kamar ƙafafun gizo-gizo, Papa ya ce a cikin saiwar nan kifi ke ƙwai, nan mata ke tsintar dodon koɗi da ƙaguwa, nan ake samun itacen girki. Ta wani gefen an dasa sabbi, 'yan ƙanana a jere ba su kai gwiwa ba, ta wani gefen kuma kututture ne kawai tsaye baƙaƙe. Ya karɓi sanda wajen wani yaro ya caka a taɓon ya murɗa ya zare, ramin ya cika da ruwa, sai ga mai ya taso yana walƙiya, ga wari. Yara kuwa na can gefe suna wanka abinsu.

A 2008 bututu ya fashe musu sau biyu, mai ya yi makonni yana kwarara kafin a toshe. Sun kai ƙara har Landan, a 2015 Shell ta yarda ta biya fam miliyan 55, masunta sama da 15,000 kowa ya samu wajen naira dubu ɗari shida. Na ce Papa a 2015 ai wannan kuɗi ne. Ya ce kuɗi ne mana, garin nan sai da ya yi wata uku kamar Kirsimeti, masu saida mashin da talabijin suka yi ta zuwa da mota. Shi ya canza kwanon rufi, don kwano ba ya daɗewa a nan tsatsa ke cinye shi, ya biya wa 'yarsa makarantar jinya, ya sayi injin ba taya iska, kafin shekara ta zagayo ba ko sisi. Ya ce kakana a ruwan nan ya ci, ubana a nan ya ci, ni ma da kwale-kwale na yi aure, yanzu ɗana kifin kankara yake saye a kasuwa kamar ɗan birni. Matarsa ta gasa mana agada da kifi da yajin manja, ta ce in ci ba komai, kifin daga can cikin teku aka kawo shi ba na nan ba ne. Na ci, ya yi daɗi ƙwarai, kuɗi kuma ta ƙi karɓa.

A nan ne na yi wautar da nake yi a majalisa. Na ce ai mu ma an samu mai a arewa, Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, Buhari da kansa ya je a Nuwamban 2022 ya ƙaddamar, an ce ganga sama da biliyan ɗaya. Na tuna daren da aka yi abin, a teburin mai shayinmu na Tudun Wada har tafi muka yi, kowa na cewa to gori ya ƙare, a daina ce mana cima-zaune, wani ya kawo tsohuwar maganar nan ta cewa ai da kuɗin gyaɗa da auduga aka haƙo nasu. Papa ya ajiye ƙashin kifi ya ce Allah ya sa alheri, sannan ya tambaye ni me mutanen wurin ke yi. Na ce noma da kiwo. Daga ina suke shan ruwa. Na ce rijiya da rafi mana. Ya ce to in kana da wanda zai ji maganarka a can, ka ce kafin a kafa ƙarfe na gaba su ɗebi ruwan kowace rijiya da ƙasar kowace gona a kai a auna, a rubuta, a sa hannu, dagaci ya riƙe kwafi, liman ya riƙe kwafi, don ranar da ruwan ya canza za a ce musu da ma haka yake, mu abin da ya ci mu kenan, ba mu da takardar yadda muke kafin su zo. Ya ce kuma duk abin da aka yi alkawari, makaranta ce ko asibiti ko aiki, a faɗe shi a gaban gari ba a ɗakin mutum uku ba.

Wannan ta ƙarshen ba a banza ya faɗe ta ba. Kowa ya san Ken Saro-Wiwa, marubucin nan da ya jagoranci fafutukar Ogoni, hotonsa na nan a bango da jikin riguna, shi da mutum takwas da gwamnatin Abacha ta rataye ranar 10 ga Nuwamban 1995. Abin da ban sani ba shi ne shari'ar ta taso ne daga kisan wasu manyan Ogoni huɗu a Giokoo, nan cikin Gokana, a watan Mayun 1994, lokacin da kansu ya rabu kan yadda za a tunkari gwamnati da kamfani. Papa ya ce har yau akwai gidajen da ba sa ga-maciji. Mai bai tsaya a ruwa ba, ya shiga tsakanin wa da ƙani.

Kuma kar wani ya ɗauka duk bakinsu ɗaya yanzu. A 2025 ɗin gwamnatin Tinubu na tattaunawa da su kan a dawo da haƙar, ɗan acaɓan da ya mai da mu tasha, saurayi ne da digiri, ya ce shi a dawo gobe ma, shekara talatin ba a haƙa ba amma gurɓatar tana nan aikin kuma babu, gara a sha wahalar da albashi. Ya nuna min titin da ake yi daga Bodo zuwa tsibirin Bonny da gadoji a kan ruwa, ya ce kuɗin kamfanin gas na NLNG ne, kuma je ka Bonny ka ga wuta, ba a ɗaukewa kamar nan. Papa daga bayansa ya ce a share na da tukuna. Suka yi ta yi da yarensu har muka sauka, ban ji ko kalma ba amma na gane ba a shirya ba.

Daren nan a shagon Kawu aka baje hira da direbobi, ɗan Bauchin nan mai walda ya fi kowa sani. Shi ya ce a tsarin mulki duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, ko a tsakar gidanka aka same shi, kai diyyar shuka da gini kawai za ka gani, sai na tuna goron direbanmu a Rigachikun. Jihar da ake haƙa tana karɓar kashi 13, amma hannun gwamna yake shiga ba na mai gonar ba. Dokar man fetur ta 2021 ta ce kamfani ya ware kashi 3 na kuɗin gudanarwarsa na shekara a zuba a asusun garuruwan da yake aiki, sai dai in aka fasa bututu a yankinku, daga kuɗin nan za a cire na gyara, ko da ɓarayin daga wani gari suka zo. Wani direba ɗan Funtuwa ya ce to su daina fasawa mana, ai su ke jawo wa kansu. Kawu ya ce akwai wannan, yaran na fasawa, shi ya san wasu da idonsa, amma wanda ke da jirgin ruwan da ake loda wa man sata ba a ƙauye yake kwana ba, kuma na 2008 ɗin ba wanda ya fasa, bututun ne ya gaji. Ni dai shiru na yi ina lissafin cewa albashin yayata da ke koyarwa a firamare, da kwaltar da ta bi ta ƙofar gidanmu, duk akwai kason abin da na gani a ramin sandar Papa a ciki.

Litinin muka yi lodi, buhu 600 cif, na ƙirga da kaina sau biyu don Alhaji ba ya wasa da lissafi. Kawu ya ba ni busasshen kifi da galan ɗin manja in kai wa Umma, Papa ya duba mana tayoyi goma sha takwas kyauta. Dawowa ta fi sauri, kwana uku, sai dai taki kaya ne da ake sa wa ido a hanya don ana haɗa abin fashewa da shi, duk shingen sojoji sai an duba takardu. A wani shinge bayan Enugu wani ya zazzage jakata ya ci karo da gorar nan, ya buɗe ya shinshina ya ce kpofire nake safara. Na ce ranka ya daɗe ruwan sha ne, daga famfon gidan mutum na ɗebo. Ya ƙyasta ashana ya kara a bakin gorar bai kama ba, ya sake shinshinawa, ya dube ni ya ce Eleme ko? Na ce e. Ya rufe ya miƙo min ya ce mu wuce.

Mun shigo Zariya ana kiran magariba, ga hadarin farko ya haɗo ta gabas, kafin mu gama saukewa washegari manoman Soba sun fara layi. Da daddare na kai gorar teburin mai shayi na ajiye a tsakiya ban ce komai ba, aka yi ta miƙa wa juna ana shinshinawa, wani ya ce fetur ne aka sirka, wani ya ce ƙarya ne ba mai shan wannan, wanda ya fi kowa tafi a daren Kolmani ya riƙe ta ya daɗe yana kallon maiƙon a hasken fitila. Mai shayi kuma ya ce in ba na so in ba shi ya gwada a janareto. Ban ba shi ba, tana nan a kan kanta a shago kusa da sikeli, Alhaji ya ce in ɗauke ta daga wajen kar wani yaro ya sha.